Sandunan Waifa a Tsohuwar Mota: Abin da ke Kashe Su da Yadda Ake Sauya Su

Cikin kayan mota da direban Kano ya fi mantawa da su, waifa ce a kan gaba, wato na'urar nan da ke share ruwa daga gilashin gaba, kuma wannan ba abin mamaki ba ne, domin kusan duk ruwan da birnin ke samu a shekara yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, sauran watannin kuwa sai hazo da ƙura da zafin rana. Mota takan yi wata bakwai ba a nemi waifarta da wani aikin kirki ba, sai ranar da hadari ya haɗu ruwa ya kece, direba yana tsakiyar cunkoson Titin Zariya, tsakanin Dangi da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya murɗa makunni ya ji gurnani a ƙasan gilashi amma hannayen waifa ba su motsa ba, ko kuma ɗaya ya tashi ɗaya ya yi kwanciyarsa. Kanikawa da masu wayarin na Gyadi-Gyadi da Tarauni da Unguwa Uku sun saba ganin irin wannan mota da zarar damina ta faɗi, kuma sau da yawa laifin ba na robar da ke goge gilashi ba ne, ba kuma na injin waifa ba ne, na wasu sandunan ƙarfe ne da ke ɓoye tsakanin su biyun, waɗanda galibin masu mota ba su taɓa sa su a ido ba.

Yadda aka ƙera su

Waifa ƙungiya ce ta sassa huɗu. Akwai robar da ke taɓa gilashi, akwai hannun da ke riƙe da ita yana danna ta da ƙarfin sifirin, akwai ƙaramin injin lantarki mai aiki da wutar batir ta bolt 12, sannan akwai sandunan da ke ɗaukar ƙarfin injin su kai wa hannayen. Injin ba ya iya komai sai juyi a da'ira, alhali abin da ake buƙata a kan gilashi shi ne kai da komo, saboda haka aikin sandunan shi ne mayar da juyi ya koma lilo. Wanda ya taɓa lura da keken ɗinki na ƙafa ya riga ya ga wannan dabara, sai dai a juye, domin a can lilon ƙafar tela ne ke zama juyin babbar tayar keken, a nan kuwa juyin injin ne ke zama lilon hannu.

A cikin injin akwai wata giya mai zare irin na sukuru, wadda ke rage gudunsa ta ninka ƙarfinsa, ta yadda waifa za ta riƙa kai da komo wajen sau 45 a minti a ƙaramin gudu, da sau 60 zuwa 70 a babban gudu. A bakin injin an ɗaure wani guntun ƙarfe, majuyi, wanda tsawonsa bai kai na yatsa ba, kuma shi ne ke zagayawa yana tura doguwar sanda yana janyo ta. Sandar tana kaɗa gindin waifa, wato ƙarfen nan mai kauri da ya ɓullo a ƙasan gilashi wanda ake ɗaure hannu a kansa, sannan wata sanda ta biyu ta haɗa gindin ɓangaren direba da na fasinja domin su tafi tare. Duk inda sanda ta haɗu da wani ƙarfe akwai gaɓa, ita kuma gaɓar ba komai ba ce illa ɗan dunƙulen ƙarfe da ya shige cikin wani ƙaramin kofin roba mai tauri, wanda kanikawa ke kira bushin. Waɗannan kofuna, da ba su fi murfin kwalba girma ba, su ne mafi rauni a cikin na'urar gaba ɗaya, kuma su ne ke ɗaukar tura da ja sau 2,700 a cikin awa guda ta tafiya cikin ruwa ko da a ƙaramin gudu.

Akwai kuma wani makunni a cikin injin wanda aikinsa shi ne ya ci gaba da ba shi wuta bayan direba ya kashe waifa, har sai hannayen sun sauko makwancinsu a ƙasan gilashi. Wannan makwanci shi ne ma'aunin da ake daidaita komai a kansa idan an zo gyara, kuma rashin kula da shi ne ke sa aikin da ya kamata a gama a zama ɗaya ya zama na kwancewa da ɗaurewa har sau uku.

Dabarar ta daɗe a duniya. Wata Ba'amurkiya mai suna Mary Anderson ta yi rajistar waifar da ake kaɗawa da hannu daga cikin mota a 1903, kamfanin Bosch na Jamus ya fito da injin waifa mai lantarki a 1926, shi kuma Robert Kearns ya yi rajistar waifa mai tsayawa tana ci gaba a shekarun 1960, har ya yi nasara a ƙarar da ya kai kamfanin Ford a 1990. Duk da waɗannan sauye-sauye a ɓangaren wuta, majuyi da sanda da gaɓa suna nan kusan yadda suke, abin da ya sa bakaniken da ya fahimci na Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ba zai sha wahalar gane na Toyota Corolla ko Honda Accord ba.

Abin da ke kashe su a Kano

Yawancin motocin da ke zirga-zirga tsakanin Titin Gidan Zu da Titin Maiduguri, ko suke lodi a tashar Unguwa Uku, ba sababbi aka sayo su ba. Golf 3 da Sharan da Vectra da tsofaffin Corolla da Accord sun yi ƙuruciyarsu a Turai ko Amurka, da yawansu kuma ta Kwatano suka shigo kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017. A can sun sha dusar ƙanƙara da gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi, gishirin ya fara cin gindin waifa da tsatsa, ƙanƙarar kuma ta sha liƙe roba a jikin gilashi injin yana fizgar sandunan da ƙarfi. Ke nan mota takan iso Kano da gaɓoɓin da suka riga suka sha jiki, sannan yanayin nan ya ƙarasa su.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana cusa ƙura mai laushi cikin kwarmin da ke tsakanin banet da gilashi, inda sandunan suke, ƙurar ta gauraya da tsohon giris ta zama wani baƙin ƙulli mai gurzar ƙarfe da roba maimakon ya sa su santsi. Daga Maris zuwa Mayu zafin bazara, wanda kan kai digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin ƙarfen motar da ta yini a rana, yana busar da sauran man da ya rage, ya kuma ƙeƙasa kofunan roba har su riƙa tsagewa. Wanda ya buɗe murfin kwarmin motar da ake ajiyewa a ƙarƙashin darbejiya zai tarar da busassun ganye da 'ya'yan itacen sun cakuɗe da jar ƙasa sun toshe kafofin da aka yi domin ruwa ya tsiyaye, saboda haka idan aka yi ruwan farko sai ya kwanta a wurin, ya jiƙa gaɓoɓin da soket ɗin injin, wani lokaci ma ya bi ta hanyar iska ya zubo a ƙafar fasinja.

A kan wannan sai a ƙara da ɗabi'ar da ta zama ruwan dare, wato kunna waifa a kan busasshen gilashi da safe domin a kaɗe ƙura, alhali tankin ruwan wanke gilashi ya daɗe a bushe. Roba a kan busasshen gilashi tana turjewa, nauyin turjiyar kuma yana komawa kan bushin ne, ga shi kuma ƙurar tana zana layuka a gilashin waɗanda ke warwatsa hasken fitilun motocin da ke tahowa da dare.

Gane ciwo kafin sayen magani

Kafin a kwance noti ko ɗaya, kunne da hannu suna iya nuna inda matsalar take. Idan aka kunna waifa ba a ji motsin komai ba, to maganar ta wuta ce, sai a fara da fis, a bi da makunni da waya da injin kansa, wannan kuma aikin mai wayarin ne. Idan injin yana ƙara amma hannaye biyun suna kwance, mafi yawa sanda ce ta fice daga majuyi, ko notin majuyin ya saki. Idan hannu ɗaya ne ke aiki, sai a duba gindin ɗayan, domin idan gindin yana lilo hannun bai bi shi ba, to noti ne ya kwance ko kuma siraran haƙoran da ke cikin ramin hannun sun cinye, tunda hannun da ƙarfe mai laushi ake yin sa, wannan kuwa ba ya bukatar taɓa sanduna ko kaɗan. Idan gindin ma a tsaye yake, to sandar da ke haɗa shi da ɗan'uwansa ce ta faɗi.

Akwai alamomin da ke zuwa tun kafin a kai ga haka. Waifar da ke ƙara ƙwas-ƙwas a duk ƙarshen tafiya, ko take wuce iyakarta tana dukan ƙarfen gefen gilashi, ko wadda idan aka kama hannunta a kashe aka girgiza sai a ji tana wasa fiye da kima, duk suna nuna bushin ya cinye. Wadda kuwa take tafiya da ƙyar, tana ƙona fis, injinta yana zafi, sau da yawa gindinta ne ya cije da tsatsa, kuma wanda ya sayi sabon inji ya ɗaura a kan gindin da ya cije, ya sayi injin da zai ƙone ne kawai. Hanyar rarrabewa ita ce a cire sanda daga majuyi a kaɗa sauran da hannu, domin sandunan da ke da lafiya yatsa biyu sun isa su motsa su.

Gyara, Beljiyam ko sabo

Idan kofi ɗaya ne ya fashe, sandunan ba su lanƙwashe ba, gindin kuma yana juyi sumul, sauya bushin kaɗai ya wadatar, kuma shi ne mafi sauƙin kuɗi. Abin da aka fi gani a bakin titi shi ne a mayar da sandar a ɗaure ta da waya ko robar tsohon tub, wanda zai iya kai mutum gida a ranar da abin ya faru, amma ba ya jure markar Agusta. Wasu kuma sukan huda gaɓar su zura ƙusa da noti, ko su kai wa mai walda, sai dai gaɓar an yi ta ne domin ta karkata ta kowane ɓangare, idan aka ƙulle ta sai ƙarfin ya koma kan gaɓa ta gaba ko kan giyar injin, wadda a motoci da yawa ta roba ce.

Idan ɓarnar ta wuce haka, sai a nemi sandunan gaba ɗaya, ko dai sababbi ko na Beljiyam, wato waɗanda aka ciro daga motocin da aka yanka a ƙasashen waje, kuma Kasuwar Ƙofar Ruwa da shagunan Sabon Gari su ne inda kanikawan Kano suka fi nufa. Na Beljiyam ƙirar kamfani ne na asali, amma shekarunsa kusan ɗaya da wanda ya lalace, don haka wajibi ne a kama kowace gaɓa a girgiza, a juya gindi biyun da hannu, a duba haƙoransu. Sabo kuwa ingancinsa hawa-hawa ne, akwai mai ƙwari akwai mai ƙarfe kamar gwangwani, kuma a nan ma araha ba ta ado. Ko wanne za a saya, a tafi da tsohon a jera su gefe da gefe, domin mota ɗaya takan sauya ƙirar sandunanta daga shekara zuwa shekara.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a ranar 2 ga Afrilu, 1972, saboda haka motocinta sitiyarinsu a hagu yake, kuma waifarsu an tsara ta ne ta fi share gaban direba a wannan ɓangare. Sandunan da aka ciro daga motar Ingila ko Japan, inda sitiyari ke dama, juyayyu ne, ba za su zauna daidai ba ko da sunan motar da shekararta ɗaya ne, haka kuma motar da aka sauya wa sitiyari daga dama zuwa hagu ba a sauya sandunanta ba takan bar wani lungu na gilashi a gaban direba ba a share ba. Ban da wannan, motoci irin su Sharan da Peugeot 307 hannayensu buɗewa suke daga tsakiya zuwa gefe, tsohuwar Mercedes 190 kuma hannu ɗaya gare ta, kowanne da irin nasa tsarin.

Matakan sauyawa

Kayan aikin ba su da yawa, domin sifana mai lamba 10 da 13 ko 14, da sukudireba, da filaya, da salatif, da man sassauta tsatsa, da giris mai kyau sun isa a yawancin motoci. Da farko a kunna waifa a kashe ta da makunninta domin injin ya koma makwanci, sannan a zare makulli a cire baƙar wayar batir, saboda injin da aka ninka wa ƙarfi da giya yana iya murƙushe yatsa idan ya tashi ba zato. Daga nan a liƙa salatif a gilashi daidai inda kowace roba ta kwanta, a kuma yi wa hannayen alama, tunda na direba da na fasinja sun sha bamban a tsawo da lanƙwasa.

Cire hannu shi ne inda aka fi yin ɓarna. Bayan an ɓalle murfin roba an sassauta noti, sai a ɗaga hannun tsaye domin sifirin ya daina danna shi, a riƙa girgiza shi a hankali daga tushe har ya saki, idan ya ƙi a zuba man tsatsa a ba shi lokaci. Wanda ya sa sukudireba ya dogara da bakin gilashi domin ya ɓanɓaro shi, ko ya bari hannun da aka cire wa roba ya faɗo da ƙarfin sifirin, yana iya tsaga gilashin da kuɗinsa ya ninka na sandunan sau da yawa, shi ya sa ake shimfiɗa tsumma mai kauri a wurin. Sai a cire murfin kwarmin, ana lallaɓa maɓallansa da rana ta riga ta ƙeƙasa, a zare siririn tiyon ruwa idan ya bi ta jikinsa, a share ƙasa da ganye, a zuba ruwa a tabbatar yana fita ta ƙasan mota.

Kafin a taɓa sandunan, yana da kyau a ɗauki hotonsu da waya yadda suke zaune. A cire soket ɗin injin, a kwance ƙusoshi uku ko huɗu da ke riƙe da firam ɗin, a zaro shi gaba ɗaya tare da injin. Idan tsohon injin za a mayar, a nan ne ake bukatar natsuwa, domin dole a yi alamar yadda majuyi yake fuskanta kafin a kwance shi. Idan alamar ta ɓace, ko ana shakkar injin ya motsa, sai a jona masa soket shi kaɗai ba tare da majuyi ba, a mayar da batir, a kunna a kashe, a bar shi ya tsaya da kansa, a sake cire batir, sannan a ɗaure majuyi, wanda a yawancin motoci yakan miƙe a layi ɗaya da doguwar sandar idan ana makwanci. Kuskure a wannan wuri yana bayyana nan take, domin waifa za ta fara nitsawa ƙasa ta daki murfi kafin ta hau, ko ta riƙa tsayawa a tsakiyar gilashi duk lokacin da aka kashe ta.

Bayan an shafa giris a kowace gaɓa, a mayar da firam ɗin tare da robobin da ke ƙarƙashin ƙusoshinsa, waɗanda ke hana ƙara da jijjiga, a tabbatar babu wayar da sanda za ta goga. Ba a ɗaura hannaye tukuna, sai an liƙa ɗan salatif a kan kowane gindi kamar tuta, an kunna an ga yadda yake kai da komo da inda yake tsayawa. Idan ya yi daidai, a mayar da murfi, a ɗora hannaye a kan alamar da ke gilashi, a ɗaure noti da ƙarfi matsakaici, a jiƙa gilashin sosai, sannan a gwada kowane gudu. Bakaniken da ya san hannunsa yakan gama wannan cikin awa ɗaya zuwa biyu, in dai tsatsa ba ta riƙe shi ba, kuma mai mota yana da haƙƙin ya ga tsofaffin sandunan da aka cire, ya kuma ga gwajin da idonsa kafin ya biya.

Abin da ya rage ga mai mota

Sababbin sanduna ma za su bi sawun tsofaffin idan ba a sauya ɗabi'a ba. A riƙa zuba ruwa mai tsabta a tankin wanke gilashi har da rani, a riƙa fesa shi ana kunna waifa ko da sau ɗaya a mako domin gindin kada ya cije, a kaɗe ƙurar safe da tsumma da ruwa, a share kwarmin sau ɗaya a shekara, a kuma sauya robobin kafin kowace damina, tunda rana ta fi ruwa cinye su a wannan yanki. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, takan tunatar da direbobi duk shekara su duba waifa da taya da fitila da burki kafin ruwa ya kankama, kuma dalilin a fili yake, domin motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, ke nan direban da ruwa ya rufe wa gilashi na daƙiƙa uku ya yi tafiyar mita 50 a makance, a kan titin da ke cike da Adaidaita Sahu da babura da masu tsallakawa a ƙafa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Watannin Afrilu da Mayu su ne lokacin wannan aiki, sa'ad da garejin ke da sarari kuma ake da damar zaɓen kaya a tsanake, saboda haka duk mai tsohuwar mota, musamman direban haya da ya ɗauko amanar rayukan jama'a, ya kamata ya sa a buɗe masa murfin nan a duba gaɓoɓin kafin ruwan farko ya sauka.